Ma'aikacin da ba ya gajiya da tambayar “don me?”

A shekarar 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Charles Hofling ya shirya wani gwaji da har yau ake karantar da shi ga ɗaliban aikin jinya. An buga wa ma'aikatan jinya 22 waya ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana bakin aikinta. Mai maganar ya ce shi likita ne, ko da yake babu wadda ta taɓa ganinsa. Ya ba da umarni a bai wa wani majinyaci miligiram 20 na wani magani mai suna Astroten, ya ce yana tafe, zai sa hannu a takarda idan ya iso. A jikin kwalin maganin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a wuce miligiram 10. Maganin ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su a ɗakin, dokar asibitin kuma ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Duk da haka 21 daga cikin 22 suka ɗauko maganin suka nufi gadon majinyacin, sai da aka tare su. Maganin na bogi ne, don haka babu wanda ya cutu. Da aka tambayi wasu ma'aikatan jinyar dabam ko me za su yi a irin wannan hali, kusan dukkansu sun ce ba za su bi umarnin ba.

Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san irin wannan waya. “Oga ya ce a fitar da kuɗin, takarda za ta biyo baya.” “Yallaɓai ya ce a sa sunan a jerin, za a cike sauran daga baya.” Mafi yawan ma'aikata sukan bi, ba don mugun nufi ba, sai don haka ɗan Adam yake a gaban wanda ya fi shi muƙami. Amma kusan kowane sashe yana da mutum ɗaya da kan ɗaga kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ai dokar ba haka ta ce ba.” Yakan faɗa a gaban baƙi, ya faɗa a tsakiyar taro, kuma idan an yi masa kallon gargaɗi ba ya ganewa. Abokan aiki sun riga sun raɗa masa suna: mai taurin kai, mai tsaurin ido, wanda bai san ta ido ba. Binciken da masana suka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa wasu daga cikin irin waɗannan mutane, ba duka ba, ginin ƙwaƙwalwarsu ne ya sha bamban da na sauran jama'a.

Kalmomin da muke da su

Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara yaɗa fahimtar cewa ƙwaƙwalen mutane ba zubi ɗaya ba ne, kuma ana yawan danganta yaɗuwar wannan tunani ga wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer. A bisa wannan fahimta akwai masu ƙwaƙwalwa irin ta gama-gari, su ne mafi rinjaye, akwai kuma masu ginin ƙwaƙwalwa na daban. Cikin rukuni na biyu akwai masu otizim, da masu lalurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke zuwa da rarrabuwar hankali da gaggawar aikata abu kafin a auna shi, da masu wahalar karatu duk da kaifin basirarsu. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim. Yaran nan kuwa girma suke yi, wasunsu su gama jami'a, su yi hidimar ƙasa, su karɓi takardar kama aiki a mataki na 08 kamar kowa.

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan fassara otizim da “galahanga”. Kalmar ta yi faɗi da yawa, domin a bakin jama'a tana haɗa laluru iri-iri, kuma hoton da take kawowa a zuciya shi ne na yaron da ba ya iya magana ko ciyar da kansa. Akwai masu otizim da halinsu ya yi tsanani haka, suna kuma buƙatar kulawa har ƙarshen rayuwa. Amma akwai akanta da ke riƙe lambobin shafi goma a ka, wanda ƙarar janareto ke hana shi sakat, wanda ba ya iya haɗa ido da mai yi masa magana, wanda kuma babu likitan da ya taɓa gaya masa sunan abin da ke tare da shi. Babu wanda zai kira wannan galahanga. Miskili za a ce masa, ko bahago.

Abin da idon mutane ke yi mana

A shekarun 1950 Solomon Asch ya zaunar da mutane a ɗaki ya nuna musu layuka a kan kati, ya ce su faɗi wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wani layin. Amsar a bayyane take, ko yaro zai gane. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin, ban da mutum ɗaya, an haɗa baki da su su faɗi amsar da ba daidai ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idanunsu. Bayan haka ne Stanley Milgram na Jami'ar Yale ya fara nasa gwajin a 1961, inda mutum 26 cikin 40 suka ci gaba da danna maɓallin da suka yi imani yana jona wa wani bawan Allah wutar lantarki har zuwa ƙarfin bolt 450, don kawai wani mai rigar masana ya ce su ci gaba.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan sakamako a matsayin halin ɗan Adam baki ɗaya. Daga baya aka fara tambayar ko kowa ne haka.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Sheffield Hallam da ke Ingila suka maimaita gwajin Asch ta hanyar da ta dace da yara. Sun ɗauki yara 15 masu otizim da 15 marasa shi, suna gaya wa kowane yaro cewa yawancin mutane amsa kaza suka zaɓa, alhali amsar kuskure ce. Yara masu otizim sun fi tsayawa kan abin da idonsu ya gani. Kafin wannan, a 2011, Keise Izuma da Ralph Adolphs da abokan aikinsu a cibiyar Caltech ta Kalifoniya sun ba mutane damar ba da sadaka ga asusun UNICEF, wani lokaci su kaɗai a ɗaki, wani lokaci da mai kallo a gefe. Masu ƙwaƙwalwa irin ta gama-gari sun ƙara buɗe hannu idan ana kallonsu. Masu otizim kuwa, da mai kallo da babu, abin da za su bayar bai canza ba.

Wanda ya fi kusa da teburin ma'aikaci shi ne binciken da Lorne Hartman da abokan aikinsa na Jami'ar York da ke Toronto a Kanada suka wallafa a 2023. Sun gabatar wa ma'aikata 33 masu otizim da 34 marasa shi labaran abubuwan da kan faru a wurin aiki, daga tsarin da ke ɓata lokaci zuwa aikin da bai dace ba, suka tambaye su ko za su yi magana. Masu otizim sun fi cewa za su yi. Sannan yawan mutanen da suka shaida abin bai rage musu niyya kamar yadda ya rage wa sauran ba. Wannan na biyun shi ne abin lura, domin sanannen ciwo ne a kowace ma'aikata: idan mutum goma suka ga ɓaraka, kowa sai ya bar wa ɗan'uwansa.

Waɗannan bincike ƙanana ne, na Toronto kuma abin da mutane suka ce za su yi ya auna, ba abin da suka yi ba. Ma'aikatan jinyar Hofling ma ai da baki sun ce ba za su bi ba. Amma duk sun karkata wuri guda, kuma sun yi daidai da abin da masu otizim da yawa ke faɗa game da kansu.

Wa ake wa biyayya?

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa bambancin yana tsakanin mai biyayya da marar biyayya. Dukkansu biyu masu biyayya ne, wurin da kowa ya ajiye ikon ne ya bambanta.

Ga yawancinmu iko yana jikin mutum da kujerarsa. Tun muna yara muka koyi karanta fuska, da sautin murya, da wanda ya fara zama, da wanda aka riƙe wa jaka. Idan darakta ya ce “a duba yiwuwar” abu, mun san umarni ne. Idan ya ce “ƙofata a buɗe take”, mun san akwai lokacin shiga da lokacin da ba a shiga. Ba mu taɓa zama mun koyi wannan a aji ba, ƙwaƙwalwa ce ke yin lissafin da kanta kafin baki ya buɗe. Ga mai otizim wannan lissafi ba ya zuwa a sauƙaƙe. Abin da yake kamawa da ƙarfi shi ne abin da aka faɗa da abin da aka rubuta. An ba shi Dokokin Aikin Gwamnati ranar da ya kama aiki, ya karanta, ya ɗauka da gaske ake. An ce masa ƙofa a buɗe take, sai ya shiga. Idan umarnin baki ya saɓa wa rubutacciyar doka, a wurinsa abu biyu ne suka ci karo, ɗaya kuma dole kuskure ne, don haka yana ganin taimako ya yi idan ya nuna wurin. Tambayarsa ta “don me?” neman bayani ce. Kunnen shugaba kuwa ƙalubale yake ji.

A ɗauka ana taron sashe, darakta ya karanto adadin kuɗin wata kwangila, ya yi tuntuɓen sifiri ɗaya. Mutum bakwai sun lura. Shida sun yanke shawarar su bari a tashi, sai wani ya bi shi ofis ya ce, “Yallaɓai, kamar mai buga takardar nan ya yi kuskure.” Na bakwai ya ɗaga hannu nan take ya gyara, har ya faɗi shafin. Shidan ba munafukai ba ne, sun san cewa gyaran da ya tsare mutuncin babba ya fi saurin karɓuwa. Na bakwan ma ba marar kunya ba ne. Zai koma teburinsa yana ganin ya yi aikin kirki, ya kuma rasa dalilin da ya sa aka daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Damian Milton, wani masanin Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya ba wannan yanayi suna a 2012. Ya ce rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: kamar yadda mai otizim ke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. Bambancin kawai shi ne ɗaya ɓangaren ne ke da rinjaye, shi ne kuma ke cike takardar auna ƙwazon ma'aikaci a ƙarshen shekara.

Masu ADHD nasu salon daban ne. Sau da yawa sun san sarai cewa ba lokacin magana ba ne, amma maganar ta riga birki fita. Sukan kuma ƙosa da matakan da ba su ga amfaninsu ba, irin fayil ɗin da sai ya bi tebur shida kafin a sayi takardar firinta. Mai otizim kan yi jayayya don a bi doka, mai ADHD kuwa sau da yawa don a gajarta ta. A idon shugaban da ya gaji duk ɗaya ne.

A nan gida abin ya fi nauyi. A ma'aunin da masanin Holan Geert Hofstede ya ƙirƙiro na yadda al'umma ke karɓar tazara tsakanin babba da ƙarami, ana bai wa Nijeriya maki 80, Birtaniya kuma 35. Bahaushe ya ce bin na gaba bin Allah. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi laccarsa da aka wallafa a 1974 kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya jero gaskiya da amana, ya kuma jero kunya da ladabi. A rayuwar yau da kullum waɗannan halaye tafiya suke yi tare. A ofis kuwa akwai ranar da gaskiya ke ja gabas, kunya na ja yamma, kuma wanda aka haifa da ƙarancin iya karanta fuska kusan kullum gabas zai nufa. Ba Hausawa kaɗai ba, Bayarabe da ke rusunawa da Ibo da ke girmama mai sarauta duk sun san wannan ja-in-ja a sakatariyar tarayya.

Ba duka ne jarumai ba

Akwai masu son mayar da wannan batu tatsuniyar gwarzo, musamman tun da Greta Thunberg, yarinyar Suwidin mai otizim, ta zauna ita kaɗai a gaban majalisar ƙasarsu a watan Agustan 2018 tana da shekara 15, bayan shekara guda kuma ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa shugabanni faɗa ido da ido. Ita kanta ta danganta wannan hali da yanayin ƙwaƙwalwarta. Amma hoton bai cika ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 daga Birtaniya, wanda Katie Maras ta Jami'ar Bath ke cikin marubutansa, ya gano cewa manya masu otizim sun fi sauran mutane saurin miƙa wuya ga buƙatun wasu, abin da ke da alaƙa da fargaba da gudun rigima. Wani kuma a shekarar, na Stephanie Lazzaro da abokan aikinta, ya samu cewa manya masu otizim sun bi ra'ayin taro kamar kowa a gwajin tuna abubuwa.

Waɗannan ba su rushe na farko ba. Yaron da aka yi shekara ashirin ana tsawata masa kan maganar da bai san laifinta ba, yana iya girma ya zama wanda ba ya cewa a'a ko kaɗan. Irin wannan ma'aikaci shi ne aka fi jibga wa aiki, shi ne kuma mai wayo zai miƙa wa takarda ya ce sa hannu nan. Sannan riƙo da doka ba kullum ne daidai ba. Akwai ranar da doka ta tsufa, akwai ranar da shugaba ya san abin da ƙaramin ma'aikaci bai sani ba, akwai kuma wanda zai tsayar da biyan haƙƙin marayu saboda an rubuta kwanan wata da baƙin biro maimakon shuɗi. Ba kuma duk mai gardama ne ke da wata lalura ba. Wani tsabar girman kai ne kawai.

Kuɗin shiru

Harkar jiragen sama ta koyi darajar mai tambaya da tsada. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirgin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo alhali jirgin Pan Am yana kan titin. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce. Kyaftin ɗin, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, injiniyan bai sake magana ba. Mutum 583 suka mutu. Wannan haɗari yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jirage suka fara koyar da ƙananan matuƙa yadda za su ƙalubalanci kyaftin, da koyar da kyaftin yadda zai saurara. Wato abin da wasu ke yi bisa ɗabi'a har ana hukunta su, shi ne ake kashe kuɗi a dasa wa wasu. Asch ma ya gano cewa idan mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi amsar gaskiya, bin ayarin da sauran ke yi yana raguwa ƙwarai.

Dokokinmu a rubuce ba su ƙi mai tambaya ba. Dokokin Aikin Gwamnati, waɗanda aka sabunta a 2021, sun sa rashin ɗa'a ga na gaba cikin laifukan da ke jawo takardar tuhuma, amma inda suka yi maganar ƙin bin umarni, halastaccen umarni suka ce. A watan Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar da manufar kwarmata bayanai, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, ko da yake manufa ce ta ɓangaren zartarwa, ba dokar da majalisa ta zartar ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki gwargwadon iko. Sai dai idan ana maganar wannan doka, keken guragu da sandar makaho ake hangowa. Wanda lalurarsa ba ta ganuwa yana tsaka mai wuya: in ya yi shiru a ce ba shi da ladabi, in ya bayyana a ce yana da taɓin hankali, ƙarin girma kuma ya wuce shi.

Abin da shugaba zai iya yi ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Idan umarni ne a faɗe shi a matsayin umarni, da ranar da ake son aikin, ba a naɗe shi cikin “in da hali” ba. Dalili na jimla ɗaya yakan kashe gardamar rabin awa. Kafin a rubuta takardar tuhuma, ya kamata a raba tambaya biyu da aka saba cakuɗawa: shin abin da ya faɗa gaskiya ne, da kuma shin ya faɗe shi yadda ya dace? Na biyun ana koyar da shi, kuma masu otizim da yawa suna riƙe ƙa'ida gam idan an faɗa musu ita a fili: gyaran adadi a rubuce ake kawo shi, bayan taro, ba a gaban baƙi ba. Abin da ba sa iya yi shi ne su tsinto ƙa'idar daga harara.

Hadimai da mataimaka na musamman su ne suka fi kowa riƙe wannan igiya, domin su ke tace abin da ke isa kunnen minista ko babban sakatare. Idan wani jami'i a sashen kuɗi ya dawo da fayil karo na biyu da ɗan rubutu cewa ba a bi Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba, hadimi yana iya shiga ya ce, “Ranka ya daɗe, yaron nan ya sake kawo cikas.” Yana kuma iya cewa, “Ranka ya daɗe, akwai sakin layi ɗaya da ya kamata ka gani kafin ka sa hannu.” Babban sakatare shi ne jami'in da doka ta ɗora wa alhakin kuɗin ma'aikatarsa, kuma idan masu binciken kuɗi suka zo bayan shekara uku, ko kwamitin majalisa ya aiko da takardar gayyata, sa hannun da ke kan fayil ɗin za su nema, ba wanda ya buga waya ba.